Daga Kano Zuwa Yankari A Kujerar Can Baya

A wannan watan tafiya zan ɗauke ki, daga Kano zuwa gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi. Sai dai tun yanzu in gaya miki, ba a gidan gaba za ki zauna ba. Can baya za mu shige ni da ke, layi na uku, jikin but, inda aka saba tura yara. Dalili kuwa shi ne maganar sayen mota.

Mu takwas ne a gidanmu: ni da maigida, da Hajiya mahaifiyarsa, da 'ya'yanmu huɗu, sai Ummi 'yar marigayiya ƙanwarsa da muke riƙo tun tana shekara 3. Shekara da shekaru muna cusa kanmu a ƙaramar mota mai cin mutum biyar. In za a je biki ko gaisuwa sai an yi sawu biyu, in kuma garin da nisa sai a bar wasu a gida. Ban taɓa cewa a bar Ummi ba, maigida ma bai taɓa faɗa ba, amma ita da kanta take riga kowa cewa, "Mama, ku je, ni zan tsaya." Yarinya 'yar shekara 11 ta riga ta sa wa ranta cewa in kujera ta yi kaɗan ita ce rarar. Wannan maganar ta daɗe tana ci mini rai.

Da Allah Ya hore, maigida ya sayar da wani fili ya ce zai sayi jif mai layi uku, 'yar matsakaiciya, wadda ba ta kai su Land Cruiser girma da tsada ba. Kullum bayan Isha'i sai in jiwo shi da abokansa a ƙofar gida ana gardama, wannan ya ce Toyota Highlander, wancan ya ce Honda Pilot, ana ta maganar ƙarfin inji da launi da wadda ta fi riƙe kuɗinta in an tashi sayarwa. Wani dare da ya shigo na ce, "Abban Khalifa, a cikinku wa ya taɓa zama a kujerar can baya ta motocin nan?" Ya yi dariya ya ce ai ta yara ce. Na ce to ai saboda yaran za a saya.

Aka yi sa'a yayana yana da Highlander ƙirar 2012, ya tafi Umra ya bar mana makulli. Ƙanin maigida kuma Pilot ƙirar 2011 yake hawa, kuma dama yaransa sun matsa masa sai an kai su Yankari a hutun Disambar 2024. Sai muka shirya mu tafi gida biyu, mu a Highlander su a Pilot, in za a dawo a yi musanya. Ni kuma na ce zuwa da dawowa a layi na uku zan zauna. Gani ya kori ji.

Tun ba mu bar ƙofar gida ba aka fara karatun. Highlander ta shekarun 2008 zuwa 2013 mutum bakwai take ci: biyu a gaba, uku a tsakiya, biyu a baya. Mu kuwa takwas. Ina ganin Ummi ta fara ja da baya na kama hannunta na ce ni da ke ne a baya, Khalifa babbansu ya bi motar Baffansa. Sai kuma kaya. In an ɗaga kujerun baya, abin da ya rage na but bai fi lita 290 ba, wato kula ɗaya da 'yan jakunkuna biyu. Jakar gana-mas-go ta kayan Hajiya, da darduma, da buhun ruwan leda, duk motar Baffa suka koma. 'Yar'uwa, in kin ga an buɗe miki but a wurin dillali kin ga fili fetal, ki duba da kyau, yawanci an kwantar da kujerun baya ne. Ki ce a ɗaga su sannan ki sake dubawa.

Shiga bayan ma aiki ne. Sai an zuge kujerar tsakiya gaba, ki ɗaga ƙafa ki taka, ki sunkuya ki ratsa ta gefe, ga zani ga hijabi. Ni da ƙafata lafiya sai da na dafa Ummi. Hajiya kuwa da ciwon gwiwa, gidan gaban ma sai da aka ajiye mata 'yar kujerar tsugunno ta taka.

Muka tashi bayan Asuba, hazo ya rufe gari, fitilun motoci kamar an lulluɓe su da gyale. Kafin mu hau gadar Wudil, tafiyar kilomita 40 da ɗoriya, na fara jin gwiwoyina. A irin waɗannan motoci ƙasan layi na uku a ɗage yake, kujerar kuma a ƙasa, saboda haka babban mutum zaman tsugunno yake yi, gwiwa ta doshi ƙirji. Ummi ko a jikinta, tana ta leƙen masu kwale-kwale da masu ɗiban yashi a kogi. Da na yi magana sai maigida ya tuna kujerun tsakiya suna matsawa gaba da baya, aka matsar da su kamar tsawon tafin hannu, na ɗan samu sauƙi. Wannan ma abin tambaya ne a wurin saye, don ba kowace mota ce kujerunta na tsakiya suke matsawa ba.

A Birnin Kudu muka tsaya shan shayi. Garin duwatsu ne manya manya masu sulɓi, wani a kan wani kamar an ɗora da hannu. A cikinsu akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen da suka yi zanen shanu a jikin dutse tun kafin a san tarihin garin. Daga nan muka saki hanyar Maiduguri muka nufi Ningi. Hanya ta fara lanƙwasa tsakanin tsaunuka, ga gonakin dawa an girbe an bar karare a tsaye, ga Fulani da garkensu suna tsallakawa ba sa sauri. Rana ta fara ɗagawa, sai na lura da abu na gaba: tagogin layi na uku ba sa buɗuwa, a wannan motar da ma kusan duk irinta. Na gaba suna cewa sanyin esi ya yi yawa a rage, mu a baya muna gumi. Kuma duk ramin da aka faɗa, wanda yake zaune a kan tayoyin baya shi yake fara sani. Kafin Ningi Ummi ta ce zuciyarta tana tashi, dole aka tsaya ta sha iska. Don haka in kin shiga mota gwaji, ki sa a kunna esi ki kai hannu wajen ramukan iskar baya. Wasu suna da su har da makunninsu daban, wasu babu, wasu kuma akwai amma sun daɗe da mutuwa ba wanda ya kula, tunda mai motar bai taɓa zama a can ba.

Daga Kano zuwa Bauchi kusan kilomita 300 ne. Mun shiga da Azahar, muka yi salla, muka ci masar Bauchi da miyar taushe, wadda in kin ci za ki daina gardama da mutanen garin a kan masa. Muka kai yara kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko da aka kashe a Janairun 1966. Ana bi ta wani lungu mai duhu kafin a fito fili inda kabarin yake, ba rufi sai sama, ba wani ado. Yaran da suka wuni suna surutu duk suka yi tsit.

A bakin wata tasha Hajiya ta ga motocin haya ƙirar Sienna a jere, wata tsohuwa kamarta ta zuge ƙofa ta shiga ba tare da kowa ya riƙe ta ba. Ta ce, "Wai ku me ya hana ku sayen irin waccan?" Maigida ya ce ai ta zama motar haya. Gaskiyar magana Hajiya ba ta yi kuskure ba. Sienna ta 2011 zuwa 2020 tana da but na sama da lita 1,000 ko da an ɗaga kujerun baya, babban mutum yana zama a layinta na uku ya miƙe ƙafa, ƙofofinta kuma zugewa suke yi, yaro ba zai banka wa motar maƙwabci ba. Abin da ta gaza jif da shi shi ne tsayi daga ƙasa. Idan zirga-zirgarku ta kan kwalta ce, kada kunyar a ce motar haya ta hana ku duba ta.

Daga Bauchi muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima kusa da gadar kogin Gongola muka karya dama, muka yi ta ratsa ƙauyuka har Mainamaji inda ƙofar gandun take, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki akwai sauran kilomita 40 da wani abu cikin daji. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Da aka rufe ƙofa a bayanmu ƙauyuka suka ƙare, sai itatuwa da busasshiyar ciyawa mai tsayin mutum, da zabin daji suna tsere a gaban mota. A nan ne tsayin jif ya yi rana. Highlander da Pilot duk suna da tazarar kusan santimita 20 daga ƙasa, inda kwalta ta zaizaye muka wuce ba tare da jin ƙarar cikin mota yana gogar dutse ba. Mu da garinmu na asali sai an bi burji, kuma da damina ruwa yake cinye hanyar, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Uwargida, ko don ruwan Wikki kaɗai tafiyar ta biya. Daga ƙarƙashin wani jan dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai har kina ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarki. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Mu mata muka sauka da sassafe kafin maza su fito, muka nufi can ƙasa inda ruwan bai wuce gwiwa ba, tururi yana tashi a kansa saboda sanyin hunturu. Hajiya ta zauna a kan matakala ta tsoma ƙafafunta, ta ce rabon da gwiwarta ta yi mata daɗi haka tun kafin a haifi auta. Sai dai ki kula da gwaggon biri. A masaukin suke yawo kamar 'yan gida, su da mugun dawa. Ƙanin maigida ya buɗe but yana neman buta, kafin ya juyo wani ƙato ya sure ledar burodi ya haye rufin ɗaki yana ci yana kallonmu.

Da yamma muka bi motar gandun da ɗan jagora zuwa bakin kogin Gaji. Mun ga gwambaza da kanki da ɓauna daga nesa, da kada kwance a kan yashi. Giwa kam ba mu gan ta ba, sai kashinta da itatuwan da ta karya. Ɗan jagoran ya ce sai rani ya yi nisa, wajen Maris da Afrilu, dabbobi suke taruwa sosai a bakin ruwa. In za ku je, ki sa maigida ya tambayi halin da hanya take ciki kafin ku tashi, kuma a yi tafiyar da rana.

Kwana biyu muka yi, ran na uku aka yi musanyar motoci. Pilot ta 2009 zuwa 2015 mutum takwas take ci, uku a layin baya, kowace kujera da bel ɗinta. Karon farko ke nan da mu takwas muka shiga mota ɗaya kowa da mazauninsa, ba wanda aka ɗora a cinya. Ni da Ummi da Ihsan muka zauna a baya. Ba zan ce miki falo ba ne, kafaɗa tana gogar kafaɗa, amma da yake motar a murabba'i take kamar akwati, kaina bai taɓa rufi ba, gwiwa ma da sauƙi. But ɗinta kuma ya kai lita 500 ko an ɗaga kujeru, ga wani rami a ƙasa mai murfi inda takalman yara suka shige. A gefe guda ta fi Highlander faɗi da ƙarar hanya, maigida ma ya ce Highlander ta fi laushin tuƙi da daɗin shiga lungu.

Tsakanin Ningi da Birnin Kudu ƙusa ta huda mana tayar baya. A nan muka gano cewa safayar motocin nan biyu a ƙarƙashin mota take rataye, kuma ta cikin but ake kwance ta. Sai da aka sauke kaya kaf a bakin titi, Hajiya tana zaune a kan darduma a gindin kuka. Da safayar ta sauko sai ga ta ba iska, duk ta tsattsage don tsufa, mai motar bai taɓa sauke ta ba tunda ya saya. Awa biyu muka yi kafin ɗaya motar ta kai tayar wurin mai faci ta dawo. A wurin ne Khalifa ya nuna mini lambobi huɗu da ke jikin kowace taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ta safayar nan 2010 ce.

Da aka tashi mayar da kaya na hana a tula su su wuce tsayin kujera. Wanda ke layi na uku tsakaninsa da ƙofar but ɗan taƙi ne, in aka taka birki da ƙarfi kula da fulas kan yara za su faɗo. Ki tabbata kowace kujerar baya tana da bel mai ratsa kafaɗa da matashin kai, don dillalai kan cire matasan su ɓata. Hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ɗaura bel tun Janairun 2003, amma har yau da yawanmu muna ganin na direba ne kawai. Auta Hanifa mai shekara 3 a kujerarta ta yara ta yi tafiyar, a layin tsakiya inda hannu zai kai gare ta, an kuma danna makullin da ke hana yaro buɗe ƙofa daga ciki.

Sai maganar mai. Duka biyun injin silinda shida ne mai lita 3.5, kuma a takarda suna shan kusan lita 10 zuwa 15 a kowace kilomita 100, a cunkoson cikin gari da esi a kunne sun fi haka. Tankin Highlander lita 72 ne, na Pilot kusan 80. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafi ya canza, a lokacin tafiyarmu lita ta haura naira 1,000. Zuwa da dawowa mun yi sama da kilomita 800, kowace mota ta sha kusan lita 100. Ki zauna da maigida ku yi wannan lissafin da kai yara makaranta da Islamiyya kullum, kada kuɗin cefane ya koma tanki. Mai jan ƙafa huɗu ta fi mai jan ƙafar gaba sha da tsadar gyara, in ba yashi ko taɓo kuke shiga ba ba lallai ba ce.

Da muka dawo aka shiga kasuwa, kuma wannan karon da ni aka je. Yawancin motocin nan na hannu ne daga Amurka, waɗanda har yau muke kira 'yan Kwatano, duk da cewa a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Saboda haka a tantance takardun kwastan kafin a biya ko sisi. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a gindin gilashin gaba, da ita ake bincika tarihinta a intanet a ga ko ta taɓa haɗari ko ambaliya ta cinye ta. Abin da agogonta ya nuna mil ne, kowane mil kilomita 1.6 ne, mai 120,000 ta haura kilomita 190,000 ke nan. Bakanikenmu ya ƙara da cewa injin Pilot bel ne yake haɗa aikinsa na ciki, ana sauya shi wajen mil 100,000, na Highlander kuwa sarƙa ce, don haka a tambaya ko an sauya, in ba tabbas a sa kuɗin a lissafi. Ni kuma nawa aikin shi ne na shige baya na ɗaga kafet na shinshina. A wata mai sheƙi da aka yi mana araha, na tarar da tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera da busasshen taɓo a ramin but. Araha ba ta ado, muka wuce.

A ƙarshe Pilot ƙirar 2012 muka saya, da sabbin tayoyi biyar da matakala a gefe saboda Hajiya. Highlander ta 2014 zuwa 2019 ita ma akwai mai cin mutum takwas, amma kuɗinta ya fi ƙarfin filin da aka sayar. Ban ce ki bi zaɓinmu ba. Da mu shida ne, da Highlander irin ta yayana za mu ɗauka, a kwantar da rabin kujerar baya a zuba kaya. Da ba don hanyar garinmu ba, da shawarar Hajiya za a bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ke kika san mutum nawa ne a gidanki, har da 'yar riƙo da mai taya ki aiki da wanda ke tafe.

Abin da nake roƙonki shi ne, ran da maigida zai je ganin mota ki lallaɓa shi a je da ke, da yara, da babbar kular gidan. A ɗaga kujerun baya a saka kular a rufe but. Ki shiga layi na uku da zaninki, a kunna esi, a zaga da ku na minti 15 a hanya mai gargada. In kin fito ba ki dafa ƙugu ba, sai a fara ciniki.

Da ƙaramar Salla da ta biyo baya muka tafi gida gaba ɗaya. Tun kafin a gama loda kaya Ummi ta shige baya ta zauna a gefen taga ta ɗaura bel, ta ce nan ne wurinta, kada Ihsan ta zauna mata. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa abin hawa ya zama na alheri. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.